Masu Kare Sunan Ikilisiya Su Ne Ke Watsa Ta

Jawabin bankwana da Justin Welby ya yi a Majalisar Dattawan Birtaniya a watan Disambar 2024 ya fi rahoton da ya sauke shi ɓata mini rai. Ga mutumin da ya ajiye shugabancin Cocin Ingila saboda an yi shekara da shekaru ana rufa-rufa a kan cin zarafin yara, ya tashi yana barkwanci da labarin wani magabacinsa da aka fille wa kai a ƙarni na 14, yana tausaya wa sakatariyar da ta sha wahalar tsara masa ayyukan shekarar da ba zai yi ba. Wasu a zauren suna dariya, waɗanda aka zalunta kuma suna gida suna kallo. Washegari ya nemi afuwa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, don mutane sun ga abin da ya fara zuwa zuciyarsa.

Mun san labarin. Wani lauya mai suna John Smyth ya riƙa kai samari wata rumfa a bayan gidansa a Winchester yana zane su da sanda har jini ya zuba, wai yana hore su ne saboda zunubansu. Tun 1982 aka rubuta rahoto a kan haka, wasu manyan limaman coci suka karanta, suka ɓoye. A 1984 mutumin ya tattara ya koma Zimbabuwe ya ci gaba da abin da ya saba, ya kuma mutu a Afirka ta Kudu a 2018 ba tare da wata kotu ta hukunta shi ba. Rahoton Makin, wato binciken da ya sauke Welby, ya ce yara da samarin da Smyth ya cuta sun haura 100, ya ce kuma an sanar da Welby tun 2013. Waɗanda suka ɓoye rahoton farko ba marasa addini ba ne. Mutane ne masu wa'azi da addu'a, waɗanda suka yanke cewa sunan aikin bishara ya fi bayan yaro daraja.

Duk da haka, da zarar an fito da alƙaluman raguwar masu zuwa sujada, sai ka ji amsa ɗaya daga bagadi zuwa bagadi: zamani ne, intanet ne, matasa sun kangare, duniya ta juya wa Allah baya. Wannan amsa ce nake ƙi. Alƙaluman dai gaskiya ne. A Ingila da Wales, masu kiran kansu Kirista sun sauko daga kashi 59 cikin 100 a ƙidayar 2011 zuwa kashi 46 a ta 2021. A Amurka, cibiyar Gallup ta gano cewa a 2020 kashi 47 ne kawai ke da rajista da wani wurin ibada, alhali a 1999 kashi 70 ne. Amma shugaban da ya karanta wannan ya ce laifin zamani ne ya zaɓi bayanin da ba zai sa shi canza komai ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

In da Allah mutane suka bari, da binciken cibiyar Pew bai nuna cewa mafi yawan Amurkawan da ke cewa ba su da addini har yanzu sun yarda akwai Allah ko wani iko na sama ba. A Latin Amurka ma, inda Katolika suka ragu daga kusan kashi 90 a shekarun 1960 zuwa kashi 69 a 2014, yawancin waɗanda suka fita wasu majami'u suka koma, kuma dalilin da suka fi ambata shi ne neman kusanci da Allah. Mutum bai bar addu'a ba, ginin ya bari da mutanen da ke riƙe da makullinsa.

A dubi Jamus, inda fita daga coci ba a ɓoye take ba, domin ana cirar harajin coci daga albashi, wanda zai fita kuwa sai ya je ofishin hukuma ya sa hannu. A watan Janairun 2022 aka fitar da rahoton cin zarafi na yankin Munich. A wannan shekara Katolika 522,821 suka sa hannu suka fita, adadin da ba a taɓa gani ba. Intanet ya daɗe a Jamus kafin 2022. Ruwa ba ya tsami banza. Faransa kuma, kwamitin Sauvé ya ƙiyasta a 2021 cewa yara 216,000 ne limamai da masu zaman zuhudu suka ci zarafinsu tun daga 1950. Kada wani ya ce matsalar Katolika ce, ko ta hana limamai aure. Rahoton da aka yi wa 'yan Baftis na kudancin ƙasar Amurka a 2022 ya nuna shugabanninsu suna riƙe da jerin sunayen ɗaruruwan waɗanda ake zargi, suna kuma ɗaukar masu kai ƙara a matsayin maƙiyan bishara. Fastocinsu masu aure ne.

Abin da ya haɗa waɗannan duka ba sai an je Turai za a gan shi ba, don yana faruwa a ƙaramin ɗakin da ke bayan kowace majami'a. Uwa ta shigo da 'yarta, ta faɗi abin da malamin makarantar Lahadi ya yi. Dattawa uku suna zaune. Na farko ya tambaye ta ko ta gaya wa wani. Na biyu ya ce a yi hankali kada a ɓata sunan ikilisiya, marasa bi su yi mana dariya. Na uku ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta mata ayar gafara, ya ce ta bar wa Allah. Babu wanda ya dubi yarinyar, tana tsaye a bakin ƙofa tana murza gefen rigarta. Aka rufe da addu'a. Bayan wata biyu aka mayar da malamin wani reshe, uwar kuma aka fara cewa tana da ruhun tawaye. Yarinyar nan za ta girma, 'yan'uwanta da ƙawayenta za su san abin da ya faru, kuma wata rana za a lissafa su duka cikin waɗanda wai zamani ya ɗauke.

Har aya aka tanadar wa wannan aiki. “Kada ku taɓa shafaffuna,” daga Zabura 105, ta zama garkuwar duk wani shugaba da ba ya son a tambaye shi. Ba a cika jin an karanta Matiyu 18 da irin wannan zafi ba, inda Yesu ya ce wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe gara a rataya masa dutsen niƙa a wuya a jefa shi teku. Ba a kuma cika jin Ezekiyel 34 ba, inda aka la'anci makiyayan da ke kiwon kansu su bar tumaki. Ikilisiyar da ta koya wa mutanenta cewa tambayar shugaba zunubi ne ta riga ta share hanya, kuma ƙarshen hanyar mun gan shi a dajin Shakahola na Kenya a 2023, inda aka tono gawawwaki sama da 400 na mabiyan wani mai wa'azi da ake zargi ya umarce su su ƙi ci har mutuwa.

Kuɗi ma haka suke korar mutane, sai dai a hankali. A 1517 cinikin takardun gafara ne ya tunzura Martin Luther, aka kuma tsaga ikilisiyar Yamma biyu. Yau wasu daga cikin magadan gyaran da Luther ya kawo suna cewa shuka iri ka girbe mu'ujiza, wanda bai warke ba kuwa a ce bangaskiyarsa ce ta gaza. Matar da ta ba da baiko da zakka shekara goma, mijinta ya kwanta ciwo ba wanda ya leƙo, ta san inda take a lissafi. Ta kuma ga wa ake kai wa kujerar gaba, abin da wasiƙar Yaƙub ta hana ƙarara. Ta ga an dakatar da yarinyar da ta yi ciki an mayar da ita bencin baya kowa yana kallo, wanda ya yi mata cikin yana nan a matsayinsa. Irin wannan mata ba ta fita da hayaniya. Lahadi ɗaya ba ta zo ba, sai biyu, sai wata shida, ba wanda ya buga ƙofarta. Majami'ar da ta san kowane sisi da ya shiga akwatin baiko ba ta san ranar da mace ta ɓace ba.

Masana zamantakewa suna cewa ilimi da wadata su ke rage addini, amma wannan bai bayyana mana abin da ya sa ake fita tururuwa daidai shekarar da aka bankaɗo wani asiri ba. Masu cewa a kawo fitilu da sabbin kayan kiɗa don jawo matasa kuwa suna shafa wa bango fenti ne alhali tushe ya tsage. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu cewa wannan matsalar Turawa ce, namu majami'un a cike suke. Na Ireland ma a cike suke. A shekarun 1970 kusan kashi 90 na Katolikan ƙasar suna zuwa sujada kowane mako. Da Paparoma John Paul na Biyu ya je Dublin a 1979, sama da mutum miliyan ɗaya suka taru a filin Phoenix. Sai rahotannin Ryan da Murphy a kan cin zarafin yara a cocin ƙasar suka fito a 2009, aka kuma ji labarin yara 796 da suka mutu a gidan da masu zaman zuhudu ke gudanarwa a Tuam, ba a kuma rubuta inda aka binne su ba. Da Paparoma Francis ya tsaya a wannan fili a 2018, taron bai kai 200,000 ba. Tsara ɗaya ce tsakani.

Ba na murna da wannan, domin ikilisiya gidana ce, kuma na san fastoci da yawa da suke kwana a asibiti da marasa lafiya ba wanda ya san sunansu. Su ne ake zalunta a karo na biyu duk lokacin da aka rufa wa mugu asiri, don mutanen waje ba sa bambancewa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. Duk ƙarar cin zarafin yaro ta tafi wurin 'yan sanda a ranar da aka ji ta, kafin dattawa su zauna. A karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a, har da abin da shugaba ke karɓa. Kada a bar kowane mai wa'azi, komai girman sunansa, ba tare da wasu da ke da ikon tsige shi ba. Kafin kuma a sake yin wani wa'azi a kan lalacewar matasa, kowace majami'a ta ɗauko rajistarta ta shekara biyar da ta wuce, ta fitar da sunayen waɗanda ba a ƙara gani ba, dattawa su bi su gida-gida su tambaye su dalili, su saurara har su gama magana.