Mai harba igwa ba ya ganin inda ta faɗa

Samari, da ku nake. Musamman ku da kuke kwana a Facebook da TikTok, da zarar an ce wani abu ya faru a wani gari sai ku hau rubutu: a yi ta ta ƙare, a raba ƙasar kowa ya huta, mu ma ai maza ne. Ban raina fushinku ba, abin da ake yi wa mutanenmu a ƙauyuka ya isa ya sa mutum fushi. Amma ina da wani kawu da nake so ku ji labarinsa tukuna.

Ya haura shekara 80. Tsohon hafsan sojan igwa ne, abin da 'yan bariki ke kira atilare. In za ka yi hira da shi sai ka zauna ta damansa, don kunnen hagu igwa ta cinye shi tun yana saurayi. Kafin yaƙin basasa malamin lissafi ne a firamare. Da aka fara gwabzawa a watan Yulin 1967, sojojin Najeriya gaba ɗaya ba su wuce 10,000 da wani abu ba, kafin a gama a 1970 sun doshi 250,000. To ina za a samo hafsoshin da za su ja wannan taro? Sai aka shiga ɗibar malaman makaranta da akawuna, a yi musu horo na 'yan watanni a Kaduna, a maƙala musu anini a kafaɗa, a tura su fagen fama. Shi da aka ga hannunsa ya faɗa a lissafi sai aka ce ya tafi wajen igwa.

Ni da ina yaro na ɗauka aikin igwa shi ne ka hango abokin gaba ka saita ka sakar masa wuta. Ranar da na faɗi haka kawu ya yi dariya har da tari. Ya jawo tsinken tsintsiya ya zana mini a ƙasan zaure. Ga igwa nan, irin mai bakin milimita 105, tana jefa harsashi mai nauyin kusan kilo 15 ya yi tafiyar kilomita 10. Tsakaninta da wurin da ake nufi akwai daji, akwai tudu, akwai rafi. Masu harbin ba su ganin komai. Can gaba, kusa da wuta, akwai hafsa ɗaya kwance a cikin ciyawa ko a kan bishiya da madubin hangen nesa da taswira da oba-oba, shi ne idonsu. Shi zai faɗi inda abin yake. A baya kuma wasu na zaune a tanti da fensir da takarda suna fitar da nisa, da kusurwa, da yawan albarushin da za a sa, har da iska da zafin rana sai an lissafa. Kowace lamba aka faɗa ta oba-oba sai wanda ya karɓa ya maimaita ta da baki. Kowane lissafi aka yi sai wani daban ya sake yin nasa, a gwada a ga sun zo ɗaya. Sannan a harba guda ɗaya tak, na gwaji. Ya wuce, a rage. Ya gaza, a ƙara. Sai an ritsa wurin a tsakiya kafin a bar sauran igwogin su buɗe baki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ma'auni. Mu an koya mana da'ira digiri 360 ce. Ya ce wannan ya yi wa mai igwa kauri, su kashi 6400 suke raba ta, kowane kashi sunansa mil. Mil ɗaya a nisan mita 1000 yana karkatar da harsashi mita ɗaya. Ke nan kuskuren mil 10, wanda a jikin igwa ido ma ba zai kama shi ba, in an je kilomita 10 ya zama mita 100, tsawon filin ƙwallo. In kuwa aka ce 200 kai ka ji 300, ka yi kilomita guda daga inda aka nufa. A kilomita gudan nan ana iya samun kasuwa, ana iya samun naku yaran a cikin rami.

Akwai wani dare da yake yawan komawa kansa. Ruwa ake yi, an kira su ta oba-oba ana ihu, sojojin ƙasa sun shiga uku suna neman a taimaka musu da wuta yanzu-yanzu. Ya yi lissafinsa da fitilar hannu, ya ba da lamba. Sajen da ke duba masa ya ce nasa bai zo daidai da na laftana ba. Wannan saje dattijo ne, cikin tsofaffin sojojin yaƙin Bama, wato ƙasar Burma a yaƙin duniya na biyu, da aka sake kira da yaƙin basasa ya ɓarke. Ku da kuke wucewa ta barikin Dalet ko Kalapanzin a Kaduna, ko Myohaung da Arakan a Legas, sunayen wuraren Bama ne, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata da sojojin Japan a 1944 da 1945, kuma Hausa ce yaren bariki na sojojin Najeriya da ke cikinsu. Wannan saje can ya yi ƙuruciyarsa. Kawu kuwa ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ga anini a kafaɗa, ga taƙamar shi malamin lissafi ne. Ya daka wa dattijo tsawa. Saje ya ƙame ya sara masa, ya ce ranka ya daɗe a sake dubawa. Bai ɗaga murya ba, bai kuma matsa ba. Da aka sake, ashe ruwa ne ya jiƙa taswira, kawu ya karanta layin da ke kusa da wanda ake nufi. Da an harba, a kan mutanen da ke kiran nasu zai sauka.

Minti biyu aka ɓata, in ji shi. Har yau in ya zo nan a labarin sai ya yi wa sajen addu'a.

Bayan yaƙi an tura shi kwas a makarantar igwa ta Larkhill a Ingila, daga baya ya koyar da na baya da shi. Yau makarantar igwa ta sojojin Najeriya tana Kachia. Yakan ce sai da ya je kwas ɗin nan ya gane yawan abin da bai sani ba lokacin da yake harba wa garuruwan mutane wuta, kuma wannan sanin bai ƙara masa barci ba.

Ba ya ba da labarin jarumta. Na yi ta jansa, ko sau ɗaya bai taɓa cewa mun murƙushe su ba. Abu ɗaya ya taɓa faɗa mini game da shiga gari bayan an kwana ana yi masa luguden wuta. Ya leƙa wata makarantar firamare, rufi ya tafi, bencina sun tarwatse, amma allo na nan a bango, da lissafin rabawa da alli, an kai rabi ba a ƙarasa ba. Irin wanda shi ma ya bari a nasa allon. Daga nan ya yi shiru ya nemi buta. Yaƙin nan ya ci rayukan da ake ƙiyasta sun kai miliyan ɗaya ko fiye, akasari yara da yunwa ta kashe, kafin a ajiye makamai ranar 15 ga Janairun 1970.

To ku dubi wayar da ke hannunku. Hoto ya shigo, ba ka san garin ba, ba ka san shekarar ba, ba ka san wanda ya ɗauka ba. An rubuta a ƙasa cewa ƙabila kaza ce ta yi wa 'yan uwanka. Kai ba ka da mai duba maka a gaba, ba ka da saje a gefe, ba ka yi harbin gwaji ba. Ka danna ka tura wa rukuni biyar. Kana kwance a ɗakinka a Kano ko Gusau, abin ya je ya sauka a kan mai shayi a Fatakwal, ko mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, mutumin da ko labarin bai ji ba. Kuma ba za ka taɓa shiga garin ka ga allon ba. Allah Ya riga Ya gaya mana a Suratul Hujurati, in fasiƙi ya zo da labari a bincika, kada a cuci mutane cikin rashin sani a wayi gari ana nadama. Mun haddace ayar. Minti biyun ne ba mu da shi.

Kuma don Allah ku nemi tsofaffin nan. Kusan kowace unguwa akwai su, wasu na gadi, wasu sun gaji da bin layin fansho sun zauna. Ba sai 15 ga Janairu ta zo an ajiye furanni a Abuja ba. Ku je da goro ko lemo, ku gaishe su, ku zauna ta ɓangaren kunnen da ke ji. Kada ku fara da tambayar mutum nawa ka kashe, tambayar yara ce, kuma daga ita hira ta mutu. Ku tambaye su wa ya koya musu aiki, me suka ci, wa suka bari a can. In sun yarda ku naɗi muryarsu a wayar nan taku. Wanda kuma ke sha'awar shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, saboda kaki da jiniya, ya koma ya riƙe lissafinsa, ya kuma koyi jin gyara daga na ƙasa da shi.

A watan Disambar 2023, da jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, mutum aƙalla 85 suka rasu, ina zaure tare da shi. Ya manna rediyo a kunnen dama, ya saurara har aka gama. Na zaci zai yi zagi, ko ya kare tsofaffin abokan aikinsa. Sai ya kashe rediyon ya ajiye a kan tabarma, ya dube ni ya ce, wa ya sake dubawa?

Aka kawo tuwo, har ya huce bai taɓa ba.