Ɗalibin digiri na biyu a Gana: ba albashi, ba alawus, kuma wai shi ya jawo wa kansa

Tun da labarin ɗalibanmu masu digirin digirgir a Birtaniya ya fito a 2025, cewa gwamnati ta daina biyan kuɗin makarantarsu da na cefanensu, ga kuma Jami'ar Memphis ta Amurka tana bin ƙasar nan bashin dala miliyan 3.6, wata magana ta samu gindin zama a bakin mutanen Kumasi. Ana jin ta daga masu bugo waya a shirye-shiryen rediyo na safe. Ana jin ta a majalisun ataya na Aboabo da Asawase. Abin takaici, har waɗanda suka yi bokon ma suna faɗa. Wai duk karatun da ya wuce digirin farko son rai ne, wanda ya ga zai iya ya sa hannu a aljihunsa, kada ya dami gwamnati da koke.

Na san inda fushin ya samo asali. A 2020 rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi ya nuna cewa 'yan majalisa da manyan jami'an gwamnati suna cikin waɗanda suka ci tallafin karatu na asusun ilimi na GETFund. A 2024 kuma jaridar The Fourth Estate ta bankaɗo yadda 'ya'yan shafaffu da mai suka riƙa samun kuɗin Sakatariyar Tallafin Karatu zuwa ƙasashen waje, alhali an kafa wurin ne domin ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa. Wanda ya karanta waɗannan bai ji haushi ba, a duba lafiyarsa. Amma haushin ya sauka a kan wanda bai ci nanin ba. 'Yan gatan sun gama karatunsu sun dawo, wasunsu suna ofis da na'urar sanyaya ɗaki. Wanda maganar "ya biya da kansa" take yanka shi ne yaron da ke hawa motar haya ta trotro daga Sawaba zuwa Tech Junction, bakin jami'ar KNUST, kullum safiya, wanda ko filin jirgin Akra bai taɓa gani ba.

A duba yadda ƙasar nan take rabon tallafi. Wanda ya shiga kwalejin horon malamai yana da alawus, haka ma ɗalibin jinya. Gwamnatin Mahama ta farko ta soke su, Akufo-Addo ya maido da su a 2017, kuma tun daga nan babu ɗan siyasar da ya ƙara gigin taɓa su, don kowa ya ga abin da suka jawo a akwatin zaɓe. Ɗan shekarar farko a jami'ar gwamnati yanzu an ɗauke masa kuɗin karatu a ƙarƙashin shirin No Fees Stress, wanda kasafin 2025 ya ware wa sidi miliyan 499.8. Mai hidimar ƙasa yana karɓar sidi 715 da 'yan kobabe a wata, idan an biya. Malamin makarantar gwamnati da ya samu hutun ƙaro karatu yana zaune a aji albashinsa na shiga. Malamin jami'a yana da kuɗin littattafai da bincike, idan kuɗin ya yi jinkiri kuma ƙungiyarsu ta UTAG ta ajiye alli har sai an biya.

Sai ɗalibin MPhil, wato digiri na biyu na bincike, ko PhD da ba ya cikin jerin masu albashin gwamnati. Shi jemage ne, tsuntsaye ba su ɗauke shi nasu ba, dabbobi ma haka. Ɗan abin da aka ce nasa ne, wato kuɗin rubuta kundin bincike da hukumar tallafin karatu ke bayarwa, ƙungiyarsu ta GRASAG ta shekara da shekaru tana kukan cewa bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa sai an gama kundin an ɗaure kafin ya iso. Dalilin wannan wariya ba ya buƙatar dogon nazari. Ɗaliban jinya da na koyarwa dubbai ne, suna da iyaye a kowace mazaɓa. 'Yan digiri na biyu ba su da yawan da zai tsorata ɗan takara.

Akwai wani ɗan unguwarmu da ke MPhil a fannin kimiyya. Da asuba yana koyar da yara allo, da hantsi yana ɗakin gwaje-gwaje, da yamma yana bi gida gida yana yi wa 'ya'yan masu hali darasi. Sinadaran da yake aiki da su da kuɗinsa yake saye, kuma farashinsu da dala ake lissafawa. Kuɗin motar zuwa ƙauyukan da yake ɗebo samfur, nasa ne. Shi ke tsayawa da 'yan digirin farko a darasin gwaji, shi ke taya malaminsa duba takardun jarrabawa. Ran nan a gabana kawunsa ya dube shi ya ce, "Kai yaro, wannan karatu naka ba shi da ƙarshe ne? Sa'o'inka sun yi aure, kai har yanzu Hajiya ke zuba maka koko." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, saura kaɗan in Allah ya yarda." Kawun ba mugu ba ne. Ya ga mutum yana fita tun duku-duku yana dawowa bayan isha'i, kuma ƙarshen wata babu ko sisi, to me zai kira wannan? Gwamnatin da ke cin moriyar aikin yaron a jami'arta ita ce ya kamata ta amsa tambayar, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu.

Masu cewa son rai ne, ina so su gaya mana wa zai koyar da dubban yaran da ake ɗauke wa kuɗin shekarar farko. Tsarin karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017 ya tura ɗalibai jami'a fiye da yadda aka taɓa gani. A Jami'ar Gana da ke Legon ko KNUST ta Kumasi, da wuya yau a ɗauki mutum cikakken lakcara ba shi da digiri na uku. Wato ƙasa tana cika azuzuwa da kuɗinta, amma wanda zai tsaya gaban allo an bar shi ya yi renon kansa. A 2020 da korona ta shigo, dukan ƙasar nan ta zuba ido ne ga cibiyoyin binciken lafiya na Noguchi a Akra da KCCR a nan Kumasi, su ke gwada samfur dare da rana. Waɗanda suka riƙe na'urorin ba daga sama suka faɗo ba, ta wannan karatu da ake rainawa suka biyo. Kuma yawancin guraben bincike masu ɗan alawus da ake samu, irin na cibiyar bincike ta WACCBIP a Legon, da kuɗin Bankin Duniya da wasu masu ba da agaji na waje suke tafiya. Ranar da suka janye hannu, shi ke nan. An yi dokar Asusun Bincike na Ƙasa tun 2020, sai a 2025 aka yi maganar zuba masa sidi miliyan 50, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ware wa 'yan shekarar farko.

Amma inda abin ya fi ci mini rai shi ne batun wanda ya rasa aiki. A Gana babu kuɗin rashin aikin yi. Babu shi ga ɗalibi, babu shi ga wanda ba ɗalibi ba. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2008, ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ɗora kashi 13, jimla 18.5 duk wata. Hukumar fansho ta SSNIT na biyan fanshon tsufa, tana biyan wanda naƙasa ta hana shi aiki, tana biyan magadan wanda ya rasu. Mai shekara talatin da biyu da aka sallama bayan ya yi shekara takwas ana yankar albashinsa, lafiyarsa ƙalau, sai dai ya jira furfura. Abin da Dokar Ƙwadago ta 2003 ta tanadar masa shi ne kuɗin sallama da za a yi ciniki a kansa da mai kamfani, in kamfanin bai riga ya mutu ba. Mun ga yadda hakan ya kaya daga 2017 zuwa 2019, lokacin da aka rufe UT Bank da Capital Bank, aka narka wasu bankuna cikin Consolidated Bank, aka soke lasisin ɗaruruwan ƙananan cibiyoyin ba da rance. Dubban matasa masu digiri suka wayi gari a titi. Da yawansu abin da hankali ya ba su shi ne su koma makaranta su canza layi, su ƙaro lissafin kuɗi ko kwamfuta ko koyarwa. Da kuɗin sallamarsu suka biya, waɗanda suka samu ke nan.

A watan Yulin 2020, cikin tsakiyar korona, Ministan Kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya tsaya a majalisa ya sanar da shirin inshorar rashin aikin yi na ƙasa, tare da horar da waɗanda suka rasa aiki. Aka tafa. Har ya bar ofis muna jin gafara sa ba mu ga ƙaho ba. Abin da matasa suka gani a zahiri shi ne shirin samar da aiki na NABCO, da aka ƙaddamar a nan Kumasi a watan Mayun 2018: masu digiri dubu ɗari, sidi 700 a wata. Aka rufe shi a 2022 da bashin watanni a wuyan gwamnati, a shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Wannan ba inshora ba ce, aikin wucin gadi ne da ke rayuwa da ikon wanda ke kan mulki.

Ina da tabbacin wata rana za a farfaɗo da maganar inshorar nan, domin kowace jam'iyya tana son ta a takardar alƙawura. Tsorona shi ne yadda za a rubuta ta. Masu tsara mana dokoki sun saba ɗauko ta Ingila su canza mata suna, kuma a can ƙa'idar ita ce ɗalibi mai cikakken karatu, in ban da 'yan tsiraru, ba ya cin tallafin marasa aiki, don ana ganin ba ya cikin masu neman aiki. Za su kwafo wannan layi kamar yadda yake, su manta da abin da ke gefensa: tun 2016 Ingila ke ba da rancen gwamnati na digiri na biyu, daga 2018 ta ƙara da na uku, ga kuma hukumomin bincike da ke biyan ɗaliban PhD alawus. Can an rufe ƙofa ɗaya ne saboda akwai wata a buɗe. A nan in aka rufe ta, an gaya wa wanda aka kora daga aiki ke nan cewa in ya zauna a benci yana shan ataya za a biya shi, in ya tashi ya yi rajista a jami'a a yanke. Kuɗin kuma nasa ne, daga albashinsa aka cira. Wane irin hankali ne zai ba da lada a kan zaman banza ya hukunta neman ilimi?

Za a ce babu kuɗi, mun shiga hannun IMF a 2023. Ƙasar da aka samu sunayen bogi sama da dubu tamanin a jerin masu hidimar ƙasa ba ta da bakin faɗin haka. Za a ce wasu za su fake da karatu su ci bulus. Wanda ya taɓa zama gaban kwamitin kare kundi ya san akwai hanyoyin cin bulus da suka fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Masu cewa digiri na biyu ba ya ba da aiki kuwa, su fara hana 'ya'yansu tukuna.

Hujja ɗaya ce nake girmamawa, ita ce ta mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da ɗan acaɓa da mai tura baro a kasuwar Kejetia, waɗanda ba su taɓa shiga rajistar SSNIT ba, kuma su ne mafi yawan ma'aikatan ƙasar nan. Suna da haƙƙin tambayar me ya sa za a fara da mai digiri. Amsata ita ce inshora ta wanda ya zuba ce, ba daga harajin mai waakye za a biya ba. A Afirka ta Kudu ma'aikaci na ba da kashi ɗaya, mai kamfani ya ba da kashi ɗaya, asusun na tsaye da ƙafarsa. Alawus ɗin bincike kuma, in aka bar shi babu, ba mai waakye aka taimaka ba. An dai tabbatar cewa ɗanta ba zai taɓa zama lakcara ba, domin sai wanda gidansu za su iya ciyar da shi shekara biyu ko huɗu ba ya kawo komai ne zai jure.

Wannan ya fi shafar mu mutanen zango fiye da kowa, kuma mu ne muka fi saurin cewa "ya isa haka, ka nemi sana'a". Mun makara wajen shiga boko, iyayenmu suna da dalilansu. Yanzu da yaranmu suka fara kaiwa matakin da ake zama malamin jami'a, ƙwararren likita, mai tsara manufofi, sai mu taya masu rowa rera waƙarsu? A 2017 an yi mana Asusun Raya Zango har da ma'aikata sukutum, wadda aka rushe a 2021. An yi filayen ƙwallo masu ciyawar roba, an yi magudanan ruwa, madalla. Da an ɗauki nauyin 'yan zango ko da ƙalilan ne duk shekara su yi MPhil a KNUST ko Legon, da yanzu muna da masu magana da yawunmu a inda ake yanke shawara.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin mutum ɗaya da ake turawa Birtaniya ya yi mastas na shekara guda a fannin da ake koyarwa a Legon zai riƙe ɗalibai da dama a gida. A biya bashin waɗanda aka riga aka tura, don alƙawari ne, sannan a juyo da akalar. Ɗalibin bincike da ke koyarwa a jami'ar gwamnati a ba shi alawus na wata, ko da daidai da na mai hidimar ƙasa ne. In an zo rubuta dokar inshora, a sa a fili cewa komawa makaranta ba ya soke haƙƙin wanda ya zuba. Haruna Iddrisu, da ke riƙe da ma'aikatar ilimi, ya taɓa riƙe ta ƙwadago, ya san ɓangarorin biyu. 'Yan majalisarmu na Asawase da Ayawaso kuma, da suke zuwa kowane suna da kowace jana'iza, sai mu fara tare su da wannan tambaya tun kafin a raba goro.