Sarkin da ya toshe kunnensa: girman kai a wasannin tsohuwar Girka

A birnin Atina na ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS), dubban mutane kan taru kowace shekara a bikin Diyonisos, ɗaya daga cikin allolinsu, domin kallon wasannin kwaikwayo masu ƙarewa da masifa, kuma galibin waɗanda masifar ke aukawa sarakuna ne. An saba cewa allolinsu ne ke hukunta su saboda girman kai. A ganina, kafin hukuncin ya sauko sarkin ya riga ya kassara mulkinsa da hannunsa, domin ya kori duk mai iya gaya masa gaskiya.

Marubuci Askilos ya nuna haka a wasansa na Farisawa a shekarar 472 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shekara 8 bayan yaƙin Salamis da Girkawa suka ci Farisawa, inda fatalwar Dariyus, tsohon sarkin Farisa, ta zargi ɗansa Sarki Zaksis da wautar ɗaure tekun Helesfon, mashigin da ya raba Asiya da Turai, da gadar jiragen ruwa, uwarsa Atosa kuma ta ce biye wa 'yan zuga ya yi. Sai dai Zaksis abokin gaba ne, kuma ganin aibin abokin gaba ba ya da wuya.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne Kiriyon, sarkin birnin Tebas na Girka, a wasan Antigoni na marubuci Sofokilis, domin da farko hujjarsa ba ta banza ba ce. Gari ya fito daga yaƙin basasa, 'yan'uwa biyu sun kashe juna a kan sarauta, don haka Kiriyon ya hana a binne ɗayansu, Folinaikis, wanda ya kawo rundunar waje ya yaƙi garinsu. Ana iya cewa dokar ta yi tsauri, amma sabon sarki da ke neman daidaita ƙasa yana da dalilin tsoron cin amana. Ɓarnar ta fara ne lokacin da aka soma yi masa magana. Da aka tarar wani ya karya dokar ya binne gawar a ɓoye, dattawan gari suka ce ko da hannun alloli a ciki, ya daka musu tsawa. Mai gadin da ya kawo labari, ya ce an saye shi da kuɗi. Antigoni, ƙanwar mamacin, wadda ita ce ta binne shi, ta ce akwai dokar da ta girmi ta sarki, sai ya mayar da zancen na jinsi, wai mace ba za ta mulke shi ba.

Ɗansa Haimon, wanda ke shirin auren Antigoni, ya zo da ladabi ya shaida masa abin da talakawa ke faɗi a ɓoye, ya tuna masa cewa bishiyar da ta rusuna wa ambaliya ita ke tsira, kuma garin da ya zama mallakar mutum ɗaya ya tashi daga gari. Kiriyon ya ce ba yaro ne zai koya masa hankali ba. Har makahon boka Tiresiyas, wanda shi kansa ya yarda ya amfana da shawararsa a baya, bai tsira daga zargin kwaɗayi ba. Kowannensu labarin da sarki ke bukata ya kawo, amma shi raini yake ji.

Masu cewa Antigoni ma tana da taurin kai sun yi gaskiya, sai dai ita ranta kawai ta sa a caca, shi kuwa gari ne a hannunsa. Daga ƙarshe ya sauko, kuma tsoron abin da boka ya hango ne ya saukar da shi. Ya tsaya binne gawar tukuna kafin ya nufi kogon da ya rufe yarinyar, ya tarar ta rataye kanta. Haimon ya kashe kansa a gabansa, matarsa Yuridisi ta bi ɗanta da jin labarin, Kiriyon kuma ya roƙi bayinsa su fitar da shi daga idon jama'a.