Ciyawar tsakar gida da ta bushe da sanyi ba mutuwa ta yi ba

Yana ba ni takaici in ga mutum ya haƙe ciyawar da ya sha wahalar shukawa a tsakar gida, don kawai ta koma ruwan ƙasa da shigowar sanyi. Ba a ga laifinsa ba. Tsiron da ya bushe yawanci ya mutu ne, kuma wanda ya yi wata da watanni yana ban ruwa dole hankalinsa ya tashi.

Sai dai ciyawar zafi, irin su Bamuda da Zoysiya, halinta daban ne. Ta fi bunƙasa a zafin maki 27 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyas. Da zarar zafin ƙasa ya sauka zuwa wajen maki 10, sai ta dakatar da girma, ganyen ya rasa korensa, ta adana abincinta a saiwa da jijiyoyin da ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa. Barci take yi.

Ka damƙi ɗan kaɗan ka ja. Idan ta yi turjiya, ka kuma karya jijiya ɗaya ka ga cikinta fari da danshi, tana da rai. Matacciya kan tsige ba wuya, a ruɓe ko a bushe ƙarau.

Masu zuba taki a wannan lokaci ciyayin banza suke ciyarwa, ita ba ta ci. Sake shuka kuwa asarar iri ce, domin ba ya tsirowa da kyau sai ƙasa ta wuce maki 18. A rage tattaka ta, a ɗan ba ta ruwa jefi-jefi in babu ruwan sama, a jira zafi ya dawo.