Mako bakwai da tsagaggen ƙashi, ana ce mini targaɗe ne

Mako 7 ke nan da na faɗi a filin ƙwallon unguwarmu, inda muke motsa jini da abokai duk safiyar Asabar, na dafa ƙasa da tafin hannun dama, kuma har yau ba na iya ɗaga buta cike da ruwa da wannan hannun. Idan zan yi sujada sai na karkata nauyina a kan hagu, murɗa totur ɗin babur kuwa azaba ce da na yi ta sha safe da yamma a hanyar wurin aiki. Zafin yana wuri guda, a ɗan kwarmin nan da ke gindin babban yatsa, dab da wuyan hannu.

'Yan uwa sun matsa mini in je wurin mai ɗori, na ƙi, domin a ganina asibiti ne ya kamata ya duba ƙashi. Na isa bayan sallar asuba, na yanki kati, na zauna a benci har azahar kafin a kira ni. Likitan da na samu ko taɓa hannun bai yi ba. Da jin cewa a wajen ƙwallo abin ya faru, sai ya ce, "Malam, targaɗe ne, ka sha magani ka huta." Sai da na roƙa sannan ya rubuta mini hoto, a ɗakin hoton kuma aka ce babu wuta, janareta babu mai. Washegari aka ɗauka, aka ce ba a ga komai ba, aka sallame ni ba tare da wani ya ce in dawo ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bayanin da na ji a mako na 6, bayan na koma an nemi fayil ɗina an rasa, na sake biyan kuɗin sabon kati. Wani dattijon likita ya danna wannan kwarmin da yatsansa, na zabura, nan take ya girgiza kai. Ya ce wuyan hannu yana da ƙananan ƙasusuwa 8, kuma wanda ya fi saurin tsagewa idan mutum ya faɗi ya dafa ƙasa shi ne wanda suke kira sikafoyid. Tsagewarsa sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko, shi ya sa ƙa'idar aikin ita ce a ɗaure hannun tun ranar farko, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14. Jini ma ta ɓangaren yatsu yake shiga wannan ƙashi, saboda haka idan ya tsage, ɓarin da ke kusa da dantse yana iya rasa jini, ya ƙi haɗewa, har a kai ga tiyata, ko mutum ya ƙare da ciwon gaɓa na dindindin. Sabon hoton ya nuna tsagar ƙarara.

Wannan sani ba ɓoyayye ba ne, kuma dannawar da ta gano ciwon ba ta ɗauki minti ɗaya ba. Da wane dalili aka hana ni ita ranar farko? Likitocin nan ne suke yi mana wa'azi kullum cewa mu riƙa motsa jiki saboda hawan jini da ciwon sukari, amma idan magidanci ya ji rauni a wajen motsa jikin sai a dube shi kamar wanda ya zo ɓata musu lokaci. Irin wannan wulaƙanci ne yake tura mutane wurin masu ɗori, sannan a zo ana zarginsu da jahilci.

Yanzu an ɗaure hannun daga ƙarshe, an ce sai likitan ƙashi ya gan ni kafin a san ko zai haɗe da kansa ko sai an yi aiki. Ranar da aka ba ni saura mako 3, na ajiye babur, kuma da hannun hagu nake rubuta wannan ƙorafi.