Tsohuwar hajar Iblis a sabon kwali

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A Amurka akwai wani attajiri mai suna Bryan Johnson da ke kashe kimanin dala miliyan 2 duk shekara don kada ya tsufa. Abincinsa a aune yake, barcinsa a kan agogo, ga likitoci na bin jikinsa da gwaje-gwaje. A 2023 har ya sa aka ɗebi ruwan jinin ɗansa aka ƙara masa, daga baya ya ce bai ga wani amfani ba. Kamfanin Google ya kafa Calico tun 2013 domin binciken tsufa. A jihar Arizona kuma akwai Alcor, inda ake karɓar gawa a kan kuɗi sama da dala dubu 200, a daskarar da ita a sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, wai ko nan gaba a sami ilimin tayar da ita. Mutumin farko da aka daskarar a 1967 har yau yana kwance, ba a kuma taɓa tayar da kowa ba.

Waɗannan labarai sun iso wayoyin samarinmu, kuma musu a kansu ya yi zafi a majalisun Katsina daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro. Wani ya ce Bature zai yi, ai da ma an ce ba za a je wata ba. Wani ya ce duk mai neman tsawon rai ya yi jayayya da ƙaddara. Ni dai ban bi ko ɗaya ba.

Neman magani umarni ne. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama bin Sharik cewa Manzon Allah (SAW) ya ce a yi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, ban da guda ɗaya. Aka tambaya wace ce, ya ce tsufa. Don haka likitan da ya sauƙaƙa wa mai ciwon suga ko mai wankin ƙoda rayuwa, Allah Ya saka masa da alheri. Tsawon rai ma ba abin ƙi ba ne, tunda an ce mafi alherin mutane shi ne wanda ransa ya yi tsawo aikinsa ya yi kyau. Amma an gaya mana inda iyakar take.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka shirya tallar. Ku buɗe Suratu Ɗaha, aya ta 120. Iblis ya ce wa Annabi Adamu (AS) ko ya nuna masa itaciyar dawwama da mulkin da ba ya ƙarewa. Abu biyu ya haɗa masa: kada ka mutu, kada abin hannunka ya ƙare. Su ne dai ake sayarwa yau, a haɗe. Suratul Humaza kuma ta siffanta mai tara dukiya yana ƙirgawa, yana zaton dukiyarsa za ta dawwamar da shi. Tsarin jari-hujja ya sayar da ruwan sha, ya sayar da ilimi da lafiya, yanzu ya kai ga sa wa shekarun mutum farashi. In da a ce abin zai yiwu, wa zai saya? Ba mai tura ruwa a Sabuwar Unguwa ba. Mai kuɗi ya zauna shekara ɗari biyu a kan dukiya, gado ya tsaya, talaka ya ci gaba da mutuwa da zazzaɓin cizon sauro. Rahama ce da Allah bai bar ajali a hannun 'yan kasuwa ba.

Mu Katsinawa ma ba ma buƙatar dogon bayani. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua an yi jinyarsa a Jidda yana shugaban ƙasa, ya rasu a watan Mayun 2010, aka kai shi maƙabartar Ɗan Marna. Marigayi Muhammadu Buhari ya rasu a Landan a Yulin 2025, aka rufe shi a Daura. Babu likitan da ya fi ƙarfinsu. Allah Ya jiƙansu da namu iyayen.

To amma kada mu tsaya yi wa Turawa dariya. Cikinmu babu mai kuɗin daskarar da gawa, sai dai dogon burin iri ɗaya ne. Je ka jana'iza ka gani. An sauke makara, an sa mamaci a lahadu, ana jera itace ana miƙa kwaɓaɓɓiyar ƙasa hannu da hannu, a bayan sahu kuwa wani ya juya baya yana amsa waya ƙasa-ƙasa: "Ka riƙe masarar, kada ka sayar, sai ta ƙara tashi." Hannunsa da sauran ƙasar kabari.

Akwai kuma masu fargabar cewa in na'ura mai ƙwaƙwalwa ta karɓe aikin akawu da direba da tela, ɗan Adam ya zama ba shi da amfani. Wannan tsoro ya fito ne daga yarda da cewa darajar mutum ita ce abin da yake kawowa kasuwa. Ayar Zariyat ta ce an halicce mu ne domin bauta, kuma na'ura ba za ta yi maka sallar Asuba ba, ba za ta nema maka yafiyar mahaifiyarka ba. Tsohuwar da ta kwanta ciwo tana jan carbi ba ta samar da ko sisi, amma ba ta rasa dalilin zuwanta duniya ba.

Ita kanta dawwamar an riga an yi mana alkawarinta kyauta, tambayar kawai a wane gida. Wanda kuma ke son a jinkirta masa ajali a yalwata masa arziki, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa ya sada zumunci. Yayanka da kuka daina magana saboda gonar gado yana nan da rai. Bashin da ke kanka wanda ba kowa ya sani ba, rubuta shi yau ka ba wanda ka amince da shi, domin hadisin Ibn Umar bai yarda mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ta kasance a rubuce ba.