Lafawar Ciwon Kafaɗa Ba Ita Ce Warkewa Ba

Yana damuna yadda 'yan ƙwallon raga da masu jifan mashi da yawa suke ɗauka cewa da zarar kafaɗa ta daina ciwo, sun shirya komawa fili. Suna da uzuri, domin ciwon ne ya fitar da su. Sai dai zafi yakan lafa tun kafin tsokokin da ke riƙe kan ƙashin dantse a gurbinsa su dawo da ƙarfinsu. Ɗan wasa yana iya ɗaukar bokitin ruwa lafiya lau, amma tsokokin bayan kafaɗarsa su kasa taka wa hannun birki bayan ya doki ƙwallo daga sama. Shi ya sa likitan gashin ƙashi yake auna ƙarfin juya hannu waje, ya kwatanta da lafiyayyar kafaɗar, sannan ya riƙa ƙara yawan dukan a hankali cikin makonni.